Ƙwai a baka ko kaza a akurki? Cinikin 'yan wasa a ƙwallon besbol

Yau za mu bar Firimiya da La Liga su huta, mu leƙa Amurka mu dubi wani wasa da ba a cika nunawa a gidajen kallon ƙwallo na unguwanninmu ba, wato besbol. Abin da zai kai mu can wata tambaya ce da shugabannin ƙungiyoyin wasan ke fama da ita kowace shekara da zarar watan Yuli ya kama. Ƙungiya tana da yara biyu ko uku da kowa ke cewa nan gaba za su zama taurari. Wata ƙungiyar kuma tana da tsohon hannu, gwanin jifa, wanda ake ganin zai iya kai mutum ga kofi bana. Shin a ba da yaran a karɓi gwanin, ko kuwa a riƙe su a jira? Amsar da aka bayar takan raba manaja da aikinsa, takan kuma bar magoya baya da cizon yatsa na shekara ashirin.

Yadda wasan yake a taƙaice

Kowace ƙungiya tana da mutum tara a fili. Ɓangare ɗaya yana jifa da tsaron fili, ɗayan yana bugu. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo wata 'yar ƙwallo mai tauri da ba ta wuce girman lemo ba. Da yawa daga cikin gwanaye jifarsu kan wuce gudun kilomita 150 a sa'a. Mai bugu yana riƙe da kulki. In ya sami ƙwallon ya maka ta, sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu, duk wanda ya dawo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da an fitar da masu bugu uku sai a yi canji, masu jifa su koma bugu. Haka za a yi ta yi har kowane ɓangare ya yi zango tara.

Wanda muke magana a kansa yau shi ne majefin farko, wanda ke buɗe wasa. Yakan yi jifa wajen ɗari kafin a canza shi, kuma hannunsa kan buƙaci hutun kwana huɗu kafin ya sake fitowa. Saboda haka kowace ƙungiya takan ajiye irinsu guda biyar suna karɓa-karɓa. Babbar gasar ƙasar, MLB, tana da ƙungiyoyi 30, ɗaya daga cikinsu a birnin Toronto na Kanada, kuma kowacce tana buga wasa 162 a kaka ɗaya. Ku raba 162 gida biyar, za ku ga majefi ɗaya yana buɗe wasa kusan 32 a shekara. To amma idan aka shiga wasannin fitar da gwani na watan Oktoba, inda ake karawa sau biyar ko sau bakwai kawai da ƙungiya ɗaya, gwani guda yana iya buɗe biyu daga ciki. Shi ya sa yake da tsada.

Ba ni gishiri in ba ka manda

A ƙwallon ƙafa kun saba jin an sayi ɗan wasa da fam miliyan kaza. A besbol mafi yawan ciniki musaya ce ta mutum da mutum. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, mataki-mataki, inda take renon yaran da ta ɗauko daga makarantun sakandare da jami'o'i, ko daga ƙasashe irin su Jamhuriyar Dominika da Venezuela. Waɗannan yara su ne kuɗin cinikin.

Abu uku ne ke sa kasuwar ta ci. Na farko, idan yaro ya hau babbar gasa, ƙungiyarsa ce ke da iko da shi na shekara shida kafin ya sami 'yancin tafiya inda ya ga dama. A shekaru ukun farko albashinsa yana kusa da mafi ƙaranci, wanda ya ɗan haura dala dubu 700 a shekara, alhali manyan majefa suna karɓar sama da dala miliyan 30. Na biyu, a MLB ba a korar ƙungiya zuwa ƙaramar gasa ko da ita ce ta ƙarshe. Don haka ƙungiyar da ta ga bana ba tata ba ce tana iya sallama gwaninta ta tara yara ba tare da fargaba ba. Na uku, ana rufe kasuwa a ƙarshen Yuli. Abin da ya rage bayan nan wata biyu ne, wato wasa goma zuwa sha biyu ga majefi ɗaya. Idan kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen shekarar, mai saye ya ba da shekara shida ta yaro ke nan a kan wata biyu ta gwani.

Darasin Detroit

Cinikin da aka fi kafa misali da shi an yi shi ne a watan Agustan 1987. Ƙungiyar Detroit Tigers tana kai ruwa rana da Toronto Blue Jays a kan jagorancin rukuni, sai ta karɓo Doyle Alexander, mai shekara 36, daga Atlanta Braves. Abin da ta bayar wani yaro ne ɗan shekara 20 mai suna John Smoltz, ɗan asalin jihar Michigan inda Detroit take, wanda a wannan shekarar yake shan kashi a ƙaramar gasa.

A besbol ana rubuta nasara da faɗuwa a kan sunan majefi. Alexander ya buɗe wasa 11 a Detroit a sauran kakar, aka rubuta masa nasara 9, babu faɗuwa ko ɗaya. Detroit ta doke Toronto a wasanni ukun ƙarshe, ta ɗauke rukunin da nasara 98, mafi yawa a duk gasar. Amma da aka shiga Oktoba, Minnesota Twins ta fitar da ita, Alexander kuwa ya faɗi a wasanni biyun da ya buɗe. Bayan kakar 1989 ya yi ritaya. Detroit ba ta sake leƙa wasannin Oktoba ba sai 2006.

Shi kuwa Smoltz ya yi shekara ashirin a Atlanta. Ya ɗauki kofin World Series a 1995, ya ci lambar Cy Young ta gwarzon majefi a 1996, ya kammala wasa da nasara 213, kuma a 2015 aka sanya shi a zauren tunawa da gwanayen wasan da ke garin Cooperstown.

Duk wanda ya ji wannan labari yau zai ce Detroit ta tafka asara. Ni dai ina ganin sai an yi wa shugabanninta adalci. A ranar da suka yi cinikin, suna da ƙungiyar manyan mutane waɗanda suka ɗauki kofi a 1984, shekaru kuma suna tafiya. Yaron da suka bayar an ɗauko shi ne a zagaye na 22 na zaɓen matasa, wato ba ya cikin waɗanda ake rububi. Abin da suka je saye, wato jagorancin rukuni, sun samu. Sun biya da tsada, amma babu wanda ya san tsadar a lokacin.

Lokacin da ƙwai ya fi kaza

A Yulin 2008 Milwaukee Brewers ta yi irin wannan kasada. Rabonta da wasannin Oktoba tun 1982, shekara 26 ke nan. Ta karɓo CC Sabathia daga Cleveland, tana sane da cewa kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kakar kuma da wuya ta iya riƙe shi. Babban yaron da ta bayar shi ne Matt LaPorta, wanda ake ganin zai zama gagarumin mai bugu. Sabathia ya yi nasara 11 da faɗuwa 2, a ƙarshen kakar ma ya riƙa fitowa da hutun kwana uku maimakon huɗu, har ya kai su Oktoba. Daga nan ya tafi New York Yankees a kan dala miliyan 161 na shekara bakwai.

LaPorta bai zama abin da aka zata ba, bayan 2012 bai sake buga babbar gasa ba. Wanda ya zama tauraro a cikin yaran shi ne Michael Brantley, wanda sai bayan an gama kakar aka saka sunansa a matsayin cikon ciniki. An zaɓe shi wasan taurari har sau biyar. Ku lura da wannan: masu saye da masu sayarwa duka ba su san wane yaro ne zinariyar ba.

Kansas City Royals ma ta yi nata a Disambar 2012. Rabonta da Oktoba tun 1985. Ta ba Tampa Bay Rays yara huɗu, ciki har da Wil Myers, ɗaya daga cikin matasan da aka fi yabo a duk ƙasar, ta karɓi James Shields da Wade Davis. Masu sharhi sun yi wa manajan ƙungiyar, Dayton Moore, ca. Da Myers ya ci lambar gwarzon sabon ɗan wasa a 2013, sai suka ƙara samun abin faɗi. Amma a 2014 Royals ta kai wasan ƙarshe, San Francisco Giants ta doke ta da ƙyar a karawa ta bakwai. A 2015 ta ɗauki kofin, kuma Wade Davis, wanda ya zo kamar gyara a kan ciniki, shi ya yi jifar da ta rufe gasar. Abin lura a nan shi ne Shields yana da sauran shekara biyu a kwantiraginsa lokacin da aka saye shi, kuma Royals tana da wasu yaran da dama da suka riga suka nuna, don haka ba ta kwashe rumbunta duka ba.

Lokacin da aka cinye iri

Shi wannan Shields ɗin ya sake shiga wani cinikin. A Yunin 2016, yana da shekara 34, hannu ya fara sanyi, Chicago White Sox ta karɓo shi daga San Diego Padres. Cikin abin da ta bayar akwai wani yaro ɗan shekara 17 daga Jamhuriyar Dominika, Fernando Tatis Jr., wanda ko wasa ɗaya bai buga a ƙaramar gasa ba tukuna. Shields ya yi nasara 4 da faɗuwa 12 a sauran kakar, White Sox ta gama shekarar faɗuwarta ta fi nasararta yawa. Tatis kuwa a 2021 Padres ta ba shi kwantiragin dala miliyan 340 na shekara 14.

Kafin wannan, a Yunin 2002, Montreal Expos ta ba Cleveland yara uku, Cliff Lee da Grady Sizemore da Brandon Phillips, ta karɓi Bartolo Colon. Dukkan ukun sun zama taurari, Lee har ya ci lambar Cy Young a 2008. Expos ba ta kai Oktoba ba, kuma kafin a fara kakar 2003 ta riga ta sayar da Colon. Sai dai tana da nata uzurin: a lokacin ana maganar rushe ƙungiyar gaba ɗaya, wanda kuwa bai da tabbacin ganin baɗi ba ya ajiye iri. A ƙarshe an mayar da ita birnin Washington a 2005, ta isa can babu yaran nan uku.

Tambayoyi huɗu kafin a ce an sallama

Idan muka jera waɗannan labarai, za mu ga akwai tambayoyin da ya kamata manaja ya amsa wa kansa tsakani da Allah kafin ya sa hannu.

Ta farko, da gaske ƙungiyata tana bakin ƙofa? Majefi ɗaya, komai gwanintarsa, yana fitowa ne sau ɗaya a wasa biyar. Zai iya tura ƙungiyar da ta kusa ta ƙarasa, kamar Detroit da Milwaukee. Ba zai iya ɗaukar ƙungiyar da ke tsakiyar tebur a kafaɗa ba. White Sox ta fara kakar 2016 da kyau, sai ta ɗauka ta fi ƙarfinta na gaskiya.

Ta biyu, tsawon wane lokaci zan more shi? Wata biyu daban, shekara biyu daban. Farashin da ya dace da mai sauran kwantiragi bai dace da ɗan haya ba.

Ta uku, yaya lafiyar hannunsa, kuma shekarunsa nawa? Jifa da irin wannan ƙarfi yana cin jijiyar gwiwar hannu. Akwai tiyatar da ake yi wa wanda jijiyarsa ta tsinke, ana kiranta da sunan Tommy John, majefin da Dokta Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974. Wanda aka yi wa yakan yi fiye da shekara bai yi wasa ba. Wannan haɗari yana kan tsoho yana kan yaro, domin Smoltz kansa bai buga kakar 2000 ba saboda ita. Sabathia yana dab da cika shekara 28 aka saye shi, yana kan ganiyarsa. Shields na 2016 kuwa ana sayen sunan da ya yi ne a baya.

Ta huɗu, na san yarana fiye da wanda ke neman su? Ƙungiyar da ta reni yaro ita ke ganin atisayensa, da ɗabi'arsa, da yadda yake karɓar gyara. Idan abokin ciniki ya nace a kan wani yaro da kai ba ka ɗauke shi a bakin komai ba, ya kamata ka tsaya ka tambayi kanka me ya gani. Masu farautar 'yan wasa na Atlanta sun ga wani abu a hannun Smoltz, na San Diego sun ga wani abu a jikin Tatis.

Inda na tsaya

Ni ra'ayina, ƙungiyar da ta amsa tambaya ta farko da e, ta saya, ko da yaron da za ta bayar yana da suna. Dalilina shi ne mun fi tuna yaran da suka zama taurari saboda labarinsu ya fi daɗin bayarwa, alhali waɗanda suka ɓace sun fi yawa. A ƙarshen Agustan 2017 Houston Astros ta ba Detroit yara uku ta karɓi Justin Verlander. Ya taimaka mata ta ɗauki kofi a shekarar, ya kuma ci mata lambar Cy Young sau biyu daga baya, cikin yaran ukun kuwa babu wanda ya zama tauraro. Kofi ɗaya ne a shekara, ƙungiyoyi 30 ke nemansa, damar kaiwa gare shi ba ta zuwa kullum. Manajan da ya ƙanƙame yaransa kowace shekara yana cewa baɗi, wata rana zai waiga ya ga manyan 'yan wasansa sun tsufa, yaran kuma rabinsu ba su nuna ba.

Amma ƙungiyar da ke saye don ta rufe bakin magoya baya, ko don manaja ya tsira da kujerarsa, ita ce manomin da ya dafa irin shukarsa. Zai ƙoshi yau, damina kuwa tana tafe.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba a wannan lissafi, wato yaron kansa. Yawancin 'yan wasa ba a neman yardarsu kafin a yi musayarsu. Manya kaɗan ne, irin su Verlander, ke da sharaɗi a kwantiragi cewa sai sun amince. Smoltz ya tashi yana son Tigers, ƙungiyar jiharsu, rana ɗaya aka ce ya tattara kayansa. Da yawa cikinsu ba su wuce ku da shekara biyu ko uku ba, Tatis ma sa'an 'yan aji shida ne a lokacin. Abin da ya rage a hannun irin wannan yaro shi ne ya je inda aka tura shi ya ci gaba da aiki.

Abin da za ku tafi da shi aji

Ko ba za ku taɓa kallon besbol ba, akwai abin koyo a nan game da yadda ake auna shawara. Mutane sukan jira sakamako ya fito sannan su ce wane mai hikima ne, wane kuma wawa. Hanyar da ta fi adalci ita ce a tambaya: me mutumin ya sani a ranar da ya yanke shawara, me yake nema, kuma me zai rasa in abin bai yi ba? Da wannan ma'auni, Detroit ta yi shawara mai kyau da ta zo da asara, White Sox ta yi shawara mai rauni tun daga tushe. Za ku ci karo da irin wannan zaɓi nan ba da daɗewa ba. Wani zai sami kwas ɗin da ba shi ya nema ba, ya rasa ko ya karɓa bana ko ya sake zana jarrabawar JAMB baɗi. Wata za ta sami ɗan jari, ta rasa ko ta juya shi yanzu ko ta adana don kuɗin makaranta. Tambayoyin ba su canza ba: ina kusa da abin da nake nema da gaske, ko ina yaudarar kaina? Abin da zan karɓa zai daɗe? Na san darajar abin da zan bayar?

Ga aiki ga ƙungiyoyin muhawara na makarantunku. Ku kasu gida biyu, ku ɗauka yau 12 ga Agustan 1987 ce, ranar da aka yi cinikin Alexander da Smoltz. Ɓangare ɗaya ya kare sayen, ɗayan ya yi adawa. Sharaɗi ɗaya ne: ba wanda zai kafa hujja da abin da ya faru bayan wannan rana. Ku rubuto mana yadda ta kaya da hujjar da ta fi ƙarfi a kowane ɓangare, tare da sunan makarantarku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.